Uwargida da Akwatin Kuɗi: Mata a Kamfanonin Iyali na Taiwan

Wace ce ake kira "laobanniang"?

Kalmar Sinanci ce, ma'anarta matar mai kamfani. Fiye da kashi 98 cikin ɗari na kamfanonin Taiwan ƙanana ne da matsakaita, galibinsu kuma na iyali. Maigida yana waje yana farautar masu saye, uwargida ce ke riƙe da littafin lissafi, ta biya albashi, ta sasanta ma'aikata idan sun saɓa. Sau da yawa ba ta da wani muƙami a rubuce, amma ko sisi ba ya fita sai da saninta.

Daga ina abin ya samo asali?

A 1972 gwamnan lardin Taiwan, Hsieh Tung-min, ya yi kira da a mayar da falon gida masana'anta. Mata suka duƙufa haɗa kayan wasan yara da fitilun ado a gida, ana fitar da su ƙasashen waje. Jari kuwa, da yake bankuna ba su cika kula ƙananan 'yan kasuwa ba, yakan fito ne daga dangi da kuma "hui", wato adashinsu.

A manyan kamfanoni ma haka ne?

Kamfanin motoci na Yulon ya isa misali. Yen Ching-ling ya kafa shi a 1953. Da ya rasu a 1981, matarsa Wu Shun-wen ta karɓi ragama, kuma ba da ka ta shiga ba, domin ta daɗe tana tafiyar da masaƙar iyalin ta Tai Yuen. Ita ta riƙe gidan har ɗansu Kenneth Yen ya kawo ƙarfi. Shi ma da ya rasu a 2018, matarsa Lilian Chen aka ɗora. Sau biyu ke nan a gida ɗaya. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne, duk biyun sai da aka yi makoki kafin kujerar ta iso gare su.

'Ya'ya mata fa, suna gado?

A doka, rabonsu daidai yake da na maza. A aikace, da yawa sukan sa hannu su yafe wa 'yan'uwansu maza, don kada dukiya ta bi su gidan miji.

Gidan Wang Yung-ching, wanda ya kafa kamfanin roba na Formosa Plastics, ya ɗan bambanta. Ya sallami babban ɗansa Winston daga kamfanin a 1995, ya jawo 'ya'yansa mata Susan da Sandy, na matarsa ta uku, cikin kwamitin da ke jan ragama. Wata 'yar tasa, Cher Wang, ba ta tsaya jiran kujera ba: da ita aka kafa HTC mai ƙera wayoyi a 1997. Uban ya rasu a 2008 bai bar wasiyya ba, ɗakunan gidan suka shafe shekaru suna shari'a.