Manhajojin kariya na kyauta da sirrin masu amfani da su

Manhajar kariya, wadda masu gyara ke kira antibairos, manhaja ce da ake sakawa a kwamfuta ko waya don ta gano muggan manhajoji ta kawar da su. Ta kyauta ita ce wadda ba a biyan kuɗin lasisinta. A Sakkwato ana yawan ganinta a shagunan buga takardu da cike fom ɗin jarabawa, inda filashi ɗaya ke yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, da kuma kwamfutocin ɗalibai. Sau da yawa mai gyara ne ke saka ta, shi ne kuma ke danna amincewa da sharuɗɗanta, mai na'urar bai ko gan su ba.

Aikinta ba ya yiwuwa sai an buɗe mata ko'ina. Tana duba kowane fayil, tana lura da adireshin shafukan da ake shiga, tana kuma aika samfurin abin da ta yi shakkarsa zuwa kamfaninta don a tantance. Wannan tattara bayanai yana da hujja. Inda amana ke karyewa shi ne a juya bayanan da aka karɓa da sunan tsaro su zama hajar sayarwa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Avast, kamfanin manhajar kariya da ya samo asali a Prague ta ƙasar Czech, wanda ya sayi takwaransa AVG a 2016. A watan Disamba na 2019 Mozilla, mai burauzar Firefox, ta cire ƙananan manhajojin Avast da AVG daga rumbun burauzarta saboda yawan bayanan da suke kwasa. A Janairun 2020 binciken haɗin gwiwa na kafafen labaran fasaha Motherboard da PCMag ya nuna cewa Jumpshot, wani reshen Avast, yana sayar da tarihin shige da ficen mutane a intanet, kuma kafin watan ya ƙare aka rufe reshen. Kamfanin ya ce ya goge duk abin da zai nuna mai bayanin. Amma kowane tarihi yana ɗauke da lamba ta musamman da lokacin da aka shiga kowane shafi, kuma hakan kan isa a gano mutum in an haɗa da wasu bayanan. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5, ta ce an sayar wa fiye da kamfanoni 100 bayanan tsakanin 2014 da 2020, bayanan da ke iya tona addinin mutum da rashin lafiyarsa da halin aljihunsa. Wannan cuta ce babba, domin waɗanda abin ya shafa kariya suka zo nema.

A waya matsalar ta ɗan bambanta. A 2019 cibiyar gwaji ta AV-Comparatives ta jarraba manhajojin kariya 250 na Android, 80 kacal suka kama fiye da kashi 30 cikin 100 na muggan manhajojin ba tare da kuskure ba. Da yawa daga irin waɗannan talla suke nunawa, suna neman izinin ganin lambobin waya da wurin da mutum yake, suna kuma cin data.

Windows tana zuwa da nata kariyar, Microsoft Defender, tun daga Windows 8. Ita ma tana aika samfuri, amma ana iya kashe hakan a saiti.

A Najeriya sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ba mutum damar tambayar abin da aka tattara a kansa, ya janye amincewarsa, ko ya kai ƙara, kuma ta shafi kamfanonin waje da ke sarrafa bayanan mazauna ƙasar. Sai dai a kwamfutar shago, mai shagon ne ya amince da sharuɗɗan, alhali takardun shaida da lambobin NIN da ke bi ta cikinta na abokan cinikinsa ne.