Me ya sa gishiri ke jawo ruwa daga albasa?

In an barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa, daga ina ruwan nan yake tsattsafowa?

Daga cikinta. Albasar Goronyo da ka yanka, jikinta ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowacce lulluɓe da tantani mai barin ruwa ya wuce amma ya tare gishiri. Shi kuwa ruwa, yana barin ɓangaren da gishiri ko suga ya yi kaɗan ya bi inda ya yi yawa. Wannan tafiyar ita ce masana ke kira osimosis. Wani Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya bayyana ta a 1748, da mafitsarar alade ya yi gwajin. Masu shafa wa ɗanyar fatar akuya gishiri kafin ta je majema da ita suke aiki, ko ba su san sunan ba.

Ita ce ke sa taki ya ƙone shuka?

Ita ce, kuma asarar nan tana ba ni takaici. Saiwa tana shan ruwa ne domin ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri, wato ya fi shi yawan gishiri da suga. Manomi ya tula yuriya a gindin tattasai, ƙasa a bushe, ga zafin Afrilu na Sakkwato, sai abu ya juye: ƙasa ta fi saiwa kauri, ta shiga zuƙe mata ruwa. Washegari ganye ya lanƙwashe, bakinsa ya soye, ka rantse wuta aka kara masa. A ɗan nesanta taki da gindi, a yi ban ruwa a kai.

To me ya sa ake ba mai gudawa ruwan gishiri da suga? Ba zai ƙara zuƙe shi ba?

In an auna daidai, a'a. Hanji yana tsotse gishiri da suga tare ya kai su jini, ruwa ya bi bayansu. Awon gida: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, shafaffen cokalin shayi 6 na suga, rabin cokalin shayi na gishiri. Uwar da ta ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, ruwan jikin yaron take janyowa cikin hanji. Don Allah a auna, ko a sayi na ƙunshi a kemis.

Ledar ƙarin ruwa ta asibiti fa, zallar ruwa ce?

A'a. Wadda aka fi sawa tana da gishiri kashi 0.9 cikin 100, daidai da kaurin jini. Da zalla ce, jajayen ƙwayoyin jini za su sha su kumbura har su fashe.