Waiwaye: Yadda Darakta Ya Zama Abin Girmamawa a Duniyar Fim

A zamanin da manyan kamfanoni ke riƙe da ragamar Hollywood, wato shekarun 1930 da na 1940, yawancin daraktoci ma'aikata ne da ake miƙa wa labari a ce su ɗauka, domin sunan jarumi ne ke cika sinima, kuma furodusa ne ke da wuƙa da nama. Girmamawar da muke gani a yau, inda jarumi zai fito ya ce burinsa a duniya shi ne ya yi aiki a ƙarƙashin darakta wane, ta samo asali ne daga wata muhawara da ta tashi a Faransa.

A 1951 aka kafa mujallar Cahiers du Cinéma a Paris, kuma a 1954 wani matashi ɗan shekara 21, François Truffaut, ya yi rubutu a cikinta yana caccakar finafinan ƙasarsa. Ra'ayin da shi da abokansa suka tsaya a kai shi ne, darakta na gaskiya shi ne mai fim, kamar yadda marubuci yake mai littafi. Truffaut bai tsaya a baki ba. Ganin yadda masu sharhi a Amurka suka ɗauki Alfred Hitchcock a matsayin mai tsorata 'yan kallo kawai, sai a 1962 ya yi tattaki zuwa kamfanin Universal tare da tafinta, ya shafe kusan mako guda yana yi wa dattijon tambayoyi a kan finafinansa ɗaya bayan ɗaya, ana naɗa a faifai. Littafin da ya fito daga hirar a 1966 ya sauya kallon da ake yi wa Hitchcock, mutumin da sau biyar yana shiga takarar Oscar ta gwarzon darakta bai taɓa ci ba.

Ba kowa ne ya yarda ba, kuma masu ja suna da hujja. A 1971 mai sharhin finafinai Pauline Kael ta yi doguwar makala tana cewa an danne haƙƙin marubuci Herman Mankiewicz a yabon da ake kwararo wa darakta Orson Welles kan fim ɗin Citizen Kane. Ni ma ina ganin kambama darakta yakan sa a manta da mai ɗaukar hoto da mai tace fim, alhali da wuya a yi maganar darakta Martin Scorsese a tsallake Thelma Schoonmaker, wadda ta ci Oscar uku a tace finafinansa.

Jarumai kuwa sun rungumi ra'ayin hannu bibbiyu. Jonah Hill ya faɗa da bakinsa cewa dala 60,000 kacal ya karɓa a fim ɗin Scorsese na 2013, mafi ƙarancin kuɗin da ƙungiyar jarumai ta amince da shi, don kada damar ta wuce shi.

Sai dai inda wannan ƙauna ta fi taɓa zuciyata shi ne labarin darakta Akira Kurosawa na Japan. Bayan fim ɗinsa na 1970 bai yi kasuwa ba, kamfanonin ƙasarsa suka juya masa baya, har ya yi yunƙurin kashe kansa a 1971. Ƙarshen shekarun 1970 ya same shi yana zana fitowa-fitowa na sabon fim da fenti a kan takarda, saboda babu mai ba shi kuɗin ɗauka. George Lucas, wanda bai taɓa ɓoye cewa wani fim ɗin Kurosawa na 1958 ya yi tasiri a kan fim ɗinsa Star Wars ba, ya haɗa kai da darakta Francis Ford Coppola suka shawo kan kamfanin 20th Century Fox ya zuba kuɗi. Da haka fim ɗin, mai suna Kagemusha, ya fito a 1980, ya kuma yi tarayya da wani fim a babbar kyautar bikin Cannes. Bayan shekara goma Steven Spielberg ya taimaka aka samo kuɗin fim ɗinsa mai suna Dreams, shi kuma Scorsese ya ajiye girmansa na darakta ya fito a ciki a matsayin mai zane Van Gogh, yana bin umarni kamar kowane jarumi.

A watan Maris na 1990, kwanaki kaɗan da cikarsa shekara 80, Lucas da Spielberg suka tsaya a gefensa suka miƙa masa Oscar ta girmamawa. Da ya karɓa, sai ya shaida wa mahalarta ta bakin tafinta cewa har yanzu bai jin ya gama fahimtar ainihin sinima, kuma zai ci gaba da aiki ko Allah ya sa ya kai ga hakan.