Gadon waɗanda suka mutu tare

Gadon waɗanda suka mutu tare babi ne a ilimin fara'ili, wato ilimin rabon gado, da ke magana kan dangi masu gadon juna da ajali ya riska lokaci guda, ba a san wanda ya riga wani cikawa ba. Malamai kan kira shi babin waɗanda ruwa ya ci, ko gini ya danne, ko gobara ta cinye. A Nijar yau ana gamuwa da shi a hatsarin mota, ko kifewar kwale-kwale a kogin Kwara.

Hukunci

Sharaɗin gado shi ne a tabbatar magaji na da rai bayan mamaci. Idan an rasa wannan tabbaci, mazhabar Malikiyya, wadda jama'ar Tawa da Yamai ke bi, ta ce babu gado tsakaninsu; dukiyar kowa ta tafi ga magadansa masu rai. Hanafiyya da Shafi'iyya ma haka. Hanbaliyya ta ce su gaji juna a tsohuwar dukiyarsu kaɗai, wato ban da abin da ɗaya ya gada daga ɗayan.

Misali, mutum da ɗansa tilo suka rasu a hanyar Birnin Ƙonni zuwa Tawa, uban ya bar mata da ƙane shaƙiƙi. Da an shaida ɗan ya yi numfashi bayan uban, da matar ta sami tumuni (ɗaya bisa takwas), ƙanen kuma bai gaji wansa ba. Tunda ba a sani ba, matar tana da rubu'i (ɗaya bisa huɗu), saura na ƙanen. Shi ya sa shaidar wanda ya fara isa wurin take da nauyi ƙwarai.

Tarihi

Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ruwaito cewa waɗanda aka kashe a yaƙin Raƙumi, da Siffin, da Harra, da Ƙudaid ba su gaji juna ba, sai wanda aka san ya riga ɗan'uwansa. Ana danganta wannan ra'ayi ga Zaidu ɗan Sabit. An kuma ce haka aka yi da Ummu Kulsum 'yar Aliyu da ɗanta Zaidu ɗan Umar.

Dokar farar hula ta Faransa ta 1804 kuwa ƙiyasi ta yi da shekaru da jinsi: tsakanin waɗanda ba su kai shekara 15 ba, babba ake ɗauka ya fi daɗewa, tsakanin waɗanda suka haura 60, ƙarami. Faransa ta soke wannan a 2001.

A kotunan Nijar

Dokar tsarin kotuna ta bar gado ga al'adar mamaci, wadda ga yawancin Hausawa fiƙihun Malikiyya ce. Galibi ana gama rabon a gida, gaban malami.