Makarantun Sakandaren Katolika a Ƙasar Sakkwato

Makarantun sakandaren Katolika a ƙasar Sakkwato su ne makarantun gaba da firamare da ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato, wato yankin coci da bishop ɗaya ke shugabanta, ko ƙarƙashin ƙungiyoyin fada-fada (limaman Katolika) da sistoci (mata masu hidimar coci) da ke aiki a cikinsa. A bakin jama'a sunansu makarantun mishan. Ba su da yawa idan aka kwatanta da na Kaduna ko Filato, kuma dalilin ƙarancin yana cikin tarihin yadda Cocin ta shigo yankin.

Tarihi

Sakkwato gari ne na ilimi tun kafin zuwan Turawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce masu yawa, kuma makarantun allo da na zaure sun cika ƙasar. Bayan Turawan Ingila sun ci birnin a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alƙawarin cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a addinin jama'a ba. Jami'an mulkin mallaka suka riƙe wannan alƙawari a matsayin hujjar hana mishan shiga masarautun Musulmi sai da izini. Shi ya sa a lokacin da makarantun mishan ke yaɗuwa a Kudu da kudancin Zariya, boko a lardin Sakkwato ya zo ne ta hannun gwamnati da En'e.

Ƙofar da Katolika suka samu ita ce ta baƙi. Layin dogo daga Zariya ya isa Gusau da Ƙaura Namoda a wajajen ƙarshen shekarun 1920, ya kawo ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu Inyamurai mabiya ɗarikar Katolika. Jirgin bai taɓa kaiwa birnin Sakkwato ba, saboda haka Gusau ce ta zama cibiyar farko ta aikin Cocin, ba babban birnin lardi ba. Makarantun farko na firamare ne, an gina su kusa da coci a unguwannin Sabon Gari domin 'ya'yan waɗannan baƙi.

A 1953 fadar Fafaroma ta ware yankin Sakkwato a matsayin gunduma mai zaman kanta, ta miƙa shi ga fada-fadan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, waɗanda suka fara sauka a Legas a 1951. Edward Lawton ne ya shugabanci gundumar, kuma shi ya zama bishop na farko lokacin da aka ɗaga ta zuwa cikakken dayosis a 1964. Sistocin Dominikan daga Great Bend ta jihar Kansas sun iso Gusau a 1956, suka kama aikin asibiti da koyarwa. Daga cikin aikinsu ne aka samu ƙungiyar sistoci 'yan ƙasa mai hedikwata a Gusau, wadda har yau take cikin masu riƙe da harkar ilimi a dayosis ɗin. A ɓangaren Katsina kuwa, wadda a lokacin take cikin dayosis ɗin, musamman Malumfashi, aikin ya fi karkata ga Maguzawa, inda aka kafa cibiyar horar da katikis, wato masu koyar da addini a coci, ana koyarwa da Hausa.

Rikicin 1966 ya kusa rushe komai. Inyamurai suka koma gida, coci-coci da azuzuwa suka zama kusan fanko, Bishop Lawton kuma ya rasu a watan Disamba na wannan shekara. Michael Dempsey, wanda ya gaje shi a 1967, ya tarar da jama'a kaɗan da ma'aikata kaɗan. Kafin a farfaɗo, sai ga wani sauyi: a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi a faɗin Nijeriya suka karɓe makarantun mishan, aka sauya wa da yawansu suna. Masu goyon bayan matakin sun ce ya daidaita ilimi ya kuma rage rarrabuwa. Cocin ta ce ya karya tarbiyya da inganci. Har yanzu ba a daina wannan muhawara ba.

Damar sake buɗe makarantu masu zaman kansu ta dawo ne a hankali daga shekarun 1980, bayan shari'ar da Akbishop Anthony Okogie ya yi da gwamnatin Legas, inda kotu ta tabbatar da 'yancin kafa makaranta. Wannan ya zo daidai da zamanin Kevin Aje, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe dayosis ɗin, daga 1984 zuwa 2011. Matthew Hassan Kukah ya gaje shi a 2011. A 2023 aka cire Katsina ta zama dayosis mai cin gashin kanta ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi.

Karatu

Makarantun na bin manhajar gwamnati: shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kowace shekara zango uku. Ana koyarwa da Turanci. A babbar sakandare ɗalibi kan zaɓi ɓangaren kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, ya ƙare da jarrabawar WAEC ko NECO, sannan JAMB ga mai neman jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan birnin. Abin da iyaye suka fi yabawa shi ne malami ya shiga aji a kan lokaci kuma a duba aikin gida. Abin da suka fi kuka da shi kuɗin makaranta ne, domin da shi ake biyan albashi.

Rayuwar ɗalibai

Ranar makaranta na farawa da taron safe: a yi layi aji-aji, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba yunifom da farce da takalmi. Shugabannin ɗalibai ne ke kula da masu latti da sharar harabar makaranta. Ɗalibai Katolika kan shiga ƙungiyar mawaƙa ko ta masu hidima a bagade (teburin ibada a coci), suna jan rosari, wato carbin Katolika, musamman a watannin Mayu da Oktoba, kuma azumin kwana arba'in kafin Ista yana sauya yanayin makaranta baki ɗaya. Gasar wasanni tsakanin gidaje da ranar raba kyaututtuka su ne manyan bukukuwan shekara.

Yanayin garin ma yana da tasa rawar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, darasin bayan azahar ya zama wahala ga malami da ɗalibi. A hunturu kuma yara kan zo da rigunan sanyi a kan yunifom, ƙura ta lulluɓe allo da tebura.

Addini da tsaro

Kiristoci 'yan tsiraru ne a Sakkwato, kuma ba Katolika kaɗai ke shiga waɗannan makarantu ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ya kuma bai wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. A watan Mayu na 2022, bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, an kai hari kan cocin Holy Family, babbar cocin dayosis ɗin, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita. Sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe da Birnin Yauri a 2021, duk da cewa makarantun gwamnati ne, ya sa iyaye da yawa a yankin sun fi natsuwa da makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari a kan ta kwana.