Ta Wace Ƙofa? Ma'anar "Baki" a Harshen Asibiti

Wata baiwar Allah ta taɓa dawo mini da ɗanta na goye, jikinsa zafi zau, ta ce maganin da aka ba su ya ƙi haɗiyuwa, narkewa yake yi a hannu kamar kitse. Na karɓi kwalin na duba, ashe na cusawa ne. An rubuta PR a jiki, wato ta dubura ake sa shi. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Mu ne muka miƙa mata haruffa biyu, muka sallame ta ba bayani. Tun ranar ba na barin kowa ya tashi daga gabana sai na tambaye shi: ta ina za ka yi amfani da shi?

Yawancin waɗannan haruffa daga Latin suke. PO na nufin ta baki, a haɗiye. PR ta dubura, PV ta gaban mace, SL kuwa a ajiye ƙarƙashin harshe ya narke da kansa. Idan kuka ga NPO a kan gadon mara lafiya, ana nufin kada komai ya shiga bakinsa. Jama'a, wannan ba mugunta ba ce. Wanda za a sa wa maganin barci don tiyata yakan daina cin abinci kimanin awa 6 kafin lokacin, saboda idan ya yi amai cikin barcin, aman na iya faɗawa huhu. Na sha ganin 'yan'uwa na ba da abinci a ɓoye don tausayi, a ƙarshe a ɗage aikin.

To, "baki" a wajen likita ba na cin abinci kaɗai ba ne. Mahaifa ma tana da nata, wanda ake kira os, kalmar Latin mai ma'anar baki. Shi ungozoma ke aunawa lokacin naƙuda, kuma sai ya buɗe santimita 10 ake ce wa mace ta yi nishi. Yunƙuri kafin nan na iya kumbura bakin ko ya tsaga shi. Haka idan mai ƙaramin ciki ta ga jini aka ce "bakin a rufe yake", sau da yawa cikin na nan, akwai sa rai.

Kalmar da ta fi tsorata mutane ita ce sitoma. Daga Girkanci take, ma'anarta baki, shi ke nan. Har ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska ta cikinsu da ita masana tsirrai ke kiransu. A asibiti, sitoma ƙofa ce da likitan tiyata ya buɗe da gangan don hanyar asali ta toshe ko tana bukatar hutu. Idan babban hanji aka fito da bakinsa ta fatar ciki, kolostomi ke nan. Idan a maƙogwaro aka buɗe don numfashi, tirakiyostomi.

Wanda ya fara ganin sitomar hanji yakan razana, ya ɗauka ɗanyen rauni ne. Duba cikin kumatunka a madubi: haka take, ja, da danshi. Ba ta jin zafi idan an taɓa, kuma ɗan jini yayin gogewa ba abin tashin hankali ba ne. Ba ta da tsokar da ke riƙe bayan gida, shi ya sa ake manna mata jaka. Amma in ta yi duhu, ta koma shuɗi ko baƙi, jini ba ya isa gare ta, a garzaya asibiti nan take. Wasu na ɗan lokaci ne, ana mayar da hanjin bayan watanni. Wasu na dindindin, kuma masu su na aiki, suna aure, suna haihuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ƙyamarsu a gida, har a ware musu kwano, alhali ba cuta ce mai yaɗuwa ba.

Kafin ka sa hannu a takardar tiyata, saurari ƙarshen sunan aikin. Idan ya ƙare da "stomi", ƙofa za a buɗe a bar ta. "Tomi" yanka ne kawai, "ektomi" kuwa cire wani abu za a yi. Ka ce wa likita ya nuna maka wurin da yatsa a jikinka, ya kuma faɗa maka ko za a rufe daga baya.