Mutuwar ƙwaƙwalwa: me doka ta ce idan iyali da asibiti sun saɓa kan cire na'urar numfashi?

Majinyaci yana kwance a sashen kulawa ta musamman. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, tafin hannunsa da ɗumi, allon da ke saman gado yana nuna zuciya na bugawa. Sai likita ya ja iyali gefe ya ce musu rai ya yi halinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan gado ya san dalilin da uwa za ta ce ba ta yarda ba, domin abin da idonta ke gani ya saɓa wa abin da kunnenta ke ji. Daga nan ake fara jayayyar da kan kai har gaban alƙali. Mafi yawan waɗannan shari'o'i a kan tambaya guda suke rataye: an tabbatar da mutuwar bisa ƙa'ida, ko ba a tabbatar ba? Amsarta ce ke nuna irin haƙƙin da ya rage a hannun iyali.

Akwai yanayi uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko doguwar suma: mutum ba ya farkawa, amma ƙwaƙwalwarsa na aiki ko yaya, yana iya farfaɗowa, yana iya cikawa. Na biyu shi ne wanda idonsa ke buɗewa, yana barci yana farkawa, yana numfashi da kansa, amma babu alamar ya san kansa ko waɗanda ke kewaye da shi. A wannan hali Terri Schiavo ta shafe shekara 15 a jihar Florida ta Amurka, mijinta da iyayenta suna ta shari'a kan bututun ciyar da ita, har ta rasu a watan Maris na 2005. A idon doka, masu waɗannan yanayi biyu rayayyu ne. Na uku, mutuwar ƙwaƙwalwa, daban yake. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura sakamakon mummunan rauni, ko zubar jini, ko rashin iskar oksijin, ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Matsin da ke ciki sai ya rinjayi ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi, jini ya daina shiga, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su mutu. Zuciya kuwa tana da nata tsarin bugawa a jikinta, ba ta jiran umarni daga sama. Muddin na'ura na hura iska cikin huhu, za ta ci gaba da bugawa na wani lokaci. Da an cire na'urar, cikin mintuna take tsayawa.

Inda dokar ta samo asali

Na'urar numfashi ce ta haifar da wannan tambaya, don kafin zuwanta numfashi da zuciya da ƙwaƙwalwa kusan tare suke tsayawa. A 1968 wani kwamiti na makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard ya fitar da sharuɗɗan farko da suka yi suna. A 1981 aka rubuta daftarin dokar bai ɗaya a Amurka, wanda yawancin jihohi suka ɗauka. Ya ce mutum ya mutu idan ɗaya daga cikin abu biyu ya faru: ko zagayen jini da numfashi sun tsaya tsayawar da ba komawa, ko dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa gaba ɗayanta, har da tushenta, sun tsaya haka. Ya ƙara da cewa dole a yi tantancewar bisa ƙa'idojin da likitoci suka amince da su. Birtaniya ta bi wata hanya tun 1976: abin da ake dubawa shi ne mutuwar tushen ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ya haɗa ta da laka, wanda ke riƙe da numfashi da farkawa. A Ingila majalisa ba ta rubuta dokar da ta fassara mutuwa ba, kotuna ne suka karɓi ƙa'idar likitoci ta zama abin aiki.

Sakamakon wannan yana da nauyi. Da zarar an tabbatar, lokacin da ake rubutawa a takardar shaidar mutuwa shi ne lokacin tantancewar, ba lokacin da zuciya ta tsaya daga baya ba. Cire na'ura daga nan ba dakatar da magani ba ne, kuma a yawancin wurare asibiti ba ya buƙatar izinin kowa. A ganinmu, asibitoci da kansu ne ke shuka rabin rigimar a wannan gaɓa. Likita ya ce wa uba ɗanka ya rasu, bayan minti biyu ya tambaye shi ko ya yarda a cire na'urar da ke riƙe da ransa. Wane rai kuma? An ɗora wa mutum nauyin da doka ba ta ɗora masa ba, ya ji kamar da bakinsa zai kashe ɗansa. Dole ya ƙi.

Yadda ake gwajin, da inda yake karkacewa

Kafin a taɓa majinyaci, sai an san musabbabin lalacewar ƙwaƙwalwar, an kuma gan shi a hoton kai. Sannan a kawar da duk abin da zai iya kwaikwayon mutuwa. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka sabunta a 2023, zafin cikin jiki ya kai digiri 36 na ma'aunin Selshiyos, lambar sama ta awon jinin babba ta kai 100, sukari da gishirin jini kada su yi mummunar karkata. Magungunan sa barci da na sassauta tsoka dole su fita daga jiki. Yawanci ana jiran ninki biyar na lokacin da jiki ke ɗauka ya kawar da rabin maganin, kuma jiran yana ƙaruwa idan hanta ko ƙoda ta samu matsala, ko an sanyaya jikin majinyacin da gangan. Idan tsayawar zuciya ce ta jawo lalacewar, ana jiran aƙalla awa 24 ga babba. Kusan duk labarin da ake yaɗawa na wanda aka ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu sannan ya farka, idan aka bi diddigi, ko dai doguwar suma ce aka ba ta wani suna, ko an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa.

Gwajin kansa a bakin gado ake yi. A haska ƙwayar ido a ga ko za ta tsuke. A taɓa fatar ƙwayar idon da auduga a ga ko zai ƙifta. A zuba ruwan ƙanƙara kimanin mililita 50 a cikin kunne, wanda ke sa idon mai rai ya juya. A danna ƙashin gira da ƙarfi a duba ko fuska za ta yamutse. A taɓa can cikin maƙogwaro, a zura siririn bututu cikin hanyar iska a ga ko zai yi yunƙurin amai ko tari. Motsi ɗaya tak daga cikin waɗannan ya isa a dakatar da komai, domin mutumin yana da rai.

Na ƙarshe shi ne gwajin numfashi, kuma shi iyalai suka fi tsoro. Ana ba majinyaci tsantsar oksijin na kimanin minti 10, sannan a raba shi da na'urar na minti 8 zuwa 10 ana ci gaba da zura masa oksijin, likitoci suna kallon ƙirji da ciki a buɗe. Iskar kabon dayoksaid tana taruwa a jini, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da ke tilasta wa ƙwaƙwalwa mai rai ta ja numfashi. Idan awon jini ya nuna ta kai 60, ta kuma haura inda ta fara da aƙalla 20, ba a ga yunƙuri ko ɗaya ba, gwajin ya tabbata. Idan jini ya faɗi ko oksijin ya yi ƙasa a tsakiya, dole a katse. A nan, ko inda raunin fuska ya hana duba ido da kunne, ake komawa ga hoton da ke nuna ko jini na shiga ƙwaƙwalwa. Ga yara a Amurka ana yin gwajin sau biyu da tazarar aƙalla awa 12. A Birtaniya likitoci biyu ne ke yi tare, sau biyu, kuma ba a yarda ɗayansu ya kasance cikin masu aikin dashen sassan jiki ba.

Abu guda da ya kamata a gaya wa iyali tun da wuri: gawa a kan na'ura tana iya motsi. Yatsun ƙafa su lanƙwashe, hannu ya zabura, wani lokaci hannuwa biyu su ɗago zuwa ƙirji. Daga laka wannan ke fitowa, ba daga ƙwaƙwalwa ba. Amma wanda ba a faɗa masa ba, ya riƙe hannun ƙanwarsa ya ji ta motsa, babu bayanin da zai shiga kunnensa bayan nan.

Abin da iyali ke iya nema

Ƙofar da ta fi buɗewa a kotu ita ce ta ƙalubalantar yadda aka yi gwajin. A 2022, Archie Battersbee, yaro ɗan shekara 12 a Ingila, ba a iya yi masa gwajin tushen ƙwaƙwalwa da aka saba ba. Alƙaliyar farko ta dogara da hoton kai ta ce ya mutu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan, aka koma aka duba shari'ar a matsayin ta yaro mai rai, ana tambayar abin da ya fi masa alheri. Ƙarshe dai an cire na'urar a watan Agusta, amma darasin shari'ar a fili yake: in ba a cika ƙa'ida ba, ba a kira shi mamaci. A jihar Nevada ta Amurka ma, a 2015, kotun ƙoli ta jihar ta ƙi amincewa kai tsaye cewa ƙa'idar da asibiti ya bi ta cika sharaɗin doka. Majalisar jihar ta gyara dokar a 2017, ta ambaci ƙa'idar da za a bi, ta kuma ce ba a buƙatar izinin iyali kafin a yi gwajin.

Don haka mai shakka ya nemi takardar gwajin ya duba: zafin jiki nawa ne a lokacin, wane magani aka bayar na ƙarshe kuma ƙarfe nawa, lambobin jini kafin gwajin numfashi da bayansa, su wa suka sa hannu. Ya nemi likita na biyu wanda ba ya cikin masu jinyar. Asibitoci da dama suna barin iyali su tsaya su kalli gwajin, kuma muna ganin ya kamata a riƙa tayin haka, don minti goma na kallon ƙirjin da bai motsa ba sun fi dogon bayani.

Ƙofa ta biyu ita ce neman lokaci. A Amurka, jihohin Kalifoniya, New York da Illinois sun wajabta wa asibitoci su yi wa iyali sassauci gwargwado, wanda a aikace yawanci awanni ne ko 'yan kwanaki, don dangi su hallara a yi addu'a. New Jersey ce kaɗai ta wuce nan: dokarta ta 1991 ta hana a ayyana mutuwa ta hanyar ƙwaƙwalwa idan hakan ya saɓa wa aƙidar addinin majinyacin. Wannan ne ya sa iyalan Jahi McMath, 'yar shekara 13 da aka ayyana mutuwarta a Kalifoniya a Disamban 2013, suka kai ta can, inda ta kasance a kan na'ura har Yunin 2018. Jihohi biyu, takardun mutuwa biyu. Shari'arta ta tono wani giɓi na gaske: doka ta ce dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa, alhali gwajin bakin gado ba ya auna ɓangaren da ke sarrafa wasu sinadaran jiki, wanda kan ci gaba da aiki a wasu majinyata. An yi yunƙurin gyara daftarin 1981, aka jingine shi a 2023 saboda an kasa daidaitawa.

Malaman Musulunci ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauki tsayawar dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa ta shari'a, idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ba komawa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta halatta cire na'urar bayan likitoci uku sun tabbatar, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Bambancin yana shafar lokacin fara idda da rabon gado. A lura dai, majalisun biyu duk sun halatta cirewar.

Idan kuma tsakanin dangi ne aka rabu, matar na cewa a cire, iyaye na cewa a bari? Ga wanda aka tabbatar da mutuwarsa, doka ba ta ba ko wane ɓangare wuƙa da nama ba, tunda ba zaɓin magani ake yi ba. Ga mai rai da ba ya cikin hayyacinsa kuwa, a yawancin jihohin Amurka ana fara sauraron wakilin da ya naɗa a rubuce, sai miji ko mata, sai manyan 'ya'ya, sai iyaye, kuma abin da ake tambayarsu shi ne me shi majinyacin zai so, ba me su suke so ba. A Ingila, ƙarƙashin dokar 2005 da ta shafi waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara, ana jin ta bakin dangi amma likitoci ne ke yanke abin da ya fi masa alheri, in an kasa jituwa a tafi kotu.

Wani lokaci lamarin kan juye, iyali su nemi a cire, asibiti ya ƙi. Marlise Muñoz tana da cikin mako 14 lokacin da ta yanke jiki ta faɗi a jihar Teksas a Nuwamban 2013, likitoci suka gano ƙwaƙwalwarta ta mutu, iyalinta suka nemi a cire na'urar. Asibiti ya kafa hujja da dokar jihar da ta hana dakatar da magani ga mai juna biyu. A Janairun 2014 alƙali ya ce dokar tana magana ne a kan majinyaciya, ba mamaciya ba, ya ba da umarnin a cire na'urar, aka cire bayan kwana biyu.